Kafin a Taɓa Bayanan Jama'a: Nazari Kan Binciken Kayan Haɗin Manhaja a Ƙananan Ofisoshin Orozo

Orozo na ɗaya daga cikin mazaɓu goma sha biyu na Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja, wato AMAC. Tana kan titin da ya taso daga Nyanya ya ratsa Karu da Jikwoyi da Kurudu ya nufi Karshi, kuma da yawa sun san ta ne saboda kwalejin fasaha ta Tarayya da ke can. Tsadar haya a tsakiyar birni ta koro ma'aikata da 'yan kasuwa zuwa wannan yanki, kuma duk inda jama'a suka taru ƙananan ofisoshi sukan biyo baya: makarantu masu zaman kansu, ƙananan asibitoci, shagunan magani, ƙungiyoyin gama-kai, masu sayar da kayan gini. Kowannensu yana da lissafin da ya fi ƙarfin littafi da biro, amma bai kai a sayo masa babbar manhaja ta miliyoyin naira ba. Irin waɗannan wurare su ne kasuwar ƙaramar manhajar rumbun bayanai, wadda wani matashi zai rubuta, ya ɗora a kwamfutar ofis, a biya shi, ya koma cikin gari.

Abin da wannan nazari ya sa gaba shi ne daƙiƙun farko na buɗe irin wannan manhaja, daga lokacin da akawu ya danna tambarinta zuwa lokacin da fom na farko ya bayyana. Hujjar da nake son kafawa ita ce, manhajar da ke riƙe da kuɗin makaranta ko bashin magani ko gudummawar 'yan ƙungiya ba ta da hurumin taɓa ko layi ɗaya na bayanai sai ta tabbatar duk abin da take dogara da shi yana nan. Idan kuwa ta tarar babu, aikinta ta tsaya ta faɗa a fili, da kalmomin da wanda ke zaune a gabanta zai iya karanta wa mai gyara ta waya. Zan ɗauki Microsoft Access a matsayin misali domin a cikinta matsalar ta fi fitowa sarari, amma maganar ta shafi duk manhajar da ke zaune a kwamfuta, da Visual Basic aka rubuta ta ko da C#.

Manhaja da kayan aronta

Kamfanin Microsoft ya fitar da Access a watan Nuwamba na 1992, kuma tun daga Access 95 da harshen VBA ake rubuta umarninta. Abin da ya sa ta karɓu shi ne, a fayil guda mutum zai ajiye teburan bayanai, da fom na shigarwa, da rahotannin bugawa, da umarnin da ke haɗa su. Sai dai wannan fayil guda da ake ɗauka a filashi yana ruɗar mai kallo. Yawancin ayyukan da yake yi ba a cikinsa suke ba, aro yake yi daga wasu fayiloli da ke zaune a kwamfutar, masu sunayen da ke ƙarewa da DLL ko OCX ko OLB. Masu sana'ar suna ce musu laburare. Akwai laburaren da ke magana da teburan bayanai, irin su DAO da ADO. Akwai na Excel, idan ana son tura sakamakon jarrabawa can. Akwai na Outlook don aika wasiƙa, akwai na zana kalanda ko jerin sunaye mai rassa a kan fom.

Fayil ɗin Access yana riƙe da jerin waɗannan laburare, wanda zan kira jerin madogara. Kowace madogara ana rubuta ta da doguwar lambar shaida mai suna GUID, da lambar sigarta, da wurin da aka same ta a kwamfutar wanda ya rubuta manhajar. Idan aka buɗe fayil ɗin a wata kwamfuta, Access za ta nemi wannan lamba a rajistar Windows. In ta samu, shi ke nan. In ba ta samu ba, sai ta rubuta MISSING da manyan baƙaƙe a gefen sunan, a cikin wata taga da akawu bai taɓa buɗewa ba, ba shi kuma da dalilin buɗewa.

Lambar siga tana da muhimmanci a nan. Office 2003 sigarsa 11 ce, na 2007 kuwa 12, na 2010 ya tsallaka zuwa 14, na 2013 shi ne 15, sannan daga 2016 zuwa yau duk 16 ne. Manhajar da aka jingina da laburaren Excel na 12, idan ta tarar da na 16, takan ɗaga madogararta sama da kanta. Amma wadda aka jingina da 16 ba ta iya saukowa 12. Ma'ana, mai rubuta manhajar da ke aiki da sabuwar kwamfuta shi ne ya fi kusa da karya ta a hannun abokin cinikinsa mai tsohuwa. Wani lokacin ma buɗewa ɗaya kawai zai yi a tasa kwamfutar don ƙaramin gyara, madogarar ta ɗaga sama ba da saninsa ba, ya mayar da fayil ɗin a karye.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne alamomin cutar. Kafin VBA ya aiwatar da umarni sai ya harhaɗa shi, wato ya tantance kowane suna da aka ambata daga wane laburare ya fito. Da zarar madogara ɗaya ta karye, tantancewar takan cije, kuma inda take cijewa sau da yawa ba shi da alaƙa da abin da ya ɓace. Laburaren Outlook ne babu, amma Access za ta nuna yatsa ga Date, mai kawo kwanan watan yau, ko Left, mai yanko farkon kalma, ko Format, alhali waɗannan na VBA ne da kansa kuma lafiyarsu ƙalau. Mai gyaran da bai san wannan ba zai zargi agogon kwamfuta, ko bairos, ko ya ce Office ɗin ne ya lalace. Daga nan sai a yi wa kwamfutar fomatin, a sake ɗora Office ɗin da shi ne ya jawo matsalar tun farko.

Dalilin da ya sa ya fi ciwo a bayan gari

A babban ofishi mai sashen kula da kwamfutoci, duk na'urorin iri ɗaya ne, kuma ba a canza komai sai da izini. A ƙaramin ofishi na Orozo ko Kurudu akasin haka ne. Kwamfutocin galibi tokumbo ne, daga Banex Plaza da ke Wuse 2 ko daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja, kowace da irin Windows da Office ɗin da mai shago ya ga damar ɗora mata. Ba abin mamaki ba ne a tarar da Windows 7 a teburin akawu, duk da cewa Microsoft ya daina kula da ita tun 14 ga Janairu 2020, ga kuma Windows 11 a kwamfutar shugaba. Windows 10 da Office 2016 da 2019 su ma wa'adin kulawarsu ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025, wanda ke nufin sauye-sauyen na'urori za su ƙaru a 'yan shekarun nan, kuma kowane sauyi dama ce ta karyewar madogara.

Ga kuma fomatin, wanda ya zama maganin kowace cuta a wajen masu gyara. Ɗaukewar wuta ta lalata Windows, ko filashi ya kawo bairos, sai a kai na'urar shago. Mai gyara mutum ne mai amana a nasa ganin: ya kwashe fayiloli, ya goge komai, ya ɗora sabuwar Windows, ya mayar da fayilolin cif-cif. Abin da bai mayar ba shi ne abin da bai san yana nan ba, wato ƙananan laburaren da mai rubuta manhajar ya yi wa rajista da hannunsa shekaru biyu da suka wuce, da rubutun lambar kaya, mai zane-zanen da na'ura ke karantawa, wanda ake buga rasit da shi, da tsarin kwanan wata.

Mu kalli abin kusa-kusa. A ce makon farko na zangon karatu ne, iyaye sun yi layi a ofishin ma'ajin wata makaranta, kwamfutar kuma jiya ta dawo daga gyara. Manhajar ta buɗe, fom ɗin karɓar kuɗi ya fito kamar kullum, sai dai a gurbin kwanan wata an rubuta #Name? maimakon ranar yau. Ma'ajin ya gwada, ya ga sunan ɗalibi yana shiga, adadin kuɗi yana shiga, sai ya ci gaba, domin layi ba ya jira. Idan mai rubuta manhajar bai wajabta cika wannan gurbi ba, duk kuɗin da aka karɓa a ranar za su iya shiga babu kwanan wata. Ƙarshen wata, rahoton da ke tara kuɗi daga rana kaza zuwa rana kaza ba zai gan su ba. Kuɗi na banki, rahoto na cewa ba a biya ba, kuma wanda za a fara kallo da idon zargi shi ne ma'ajin, ko yaron da za a kora gida a ce ubansa bai biya ba. A ganina wannan ita ce ainihin ɓarnar. Manhajar da ta ƙi buɗewa gaba ɗaya ta ɓata wa mutane yini guda ne kawai. Wadda ta buɗe rabi da rabi tana iya ɓata sunan mutum.

Nisa ma yana da nasa rabon. Wanda ya rubuta manhajar yana iya kasancewa a Gwarinpa ko Kubwa, kuma duk wanda ya san cunkoson hanyar Nyanya ya san zuwa Orozo da dawowa aikin yini ne. Don haka yawancin gyara ta waya ake yin sa, kuma gyaran waya ya dogara kacokan ga abin da ke rubuce a allo. Intanet ɗin ma na wayar hannu ne, ana lissafin data. Tun daga Windows 8, alal misali, ba a kunna .NET Framework 3.5 sai an buƙata, kuma kunna shi yana neman saukewa daga intanet ko faifan Windows. Abin da ke ɗaukar minti biyar a wani wuri yana iya tsayar da ofis a nan.

Ƙasar ma tana motsi

Zai zama rashin adalci a ɗora komai kan mai gyara. Kamfanin da ya yi Access shi kansa ya sha janye abin da manhajoji ke tsaye a kai. A Access 2000 da 2002, sabon fayil yakan zo da madogarar ADO ba tare da DAO ba, sai tsofaffin umarnin da aka kwafo daga Access 97 suka riƙa cijewa, har aka dawo da DAO a 2003. Kalandar nan ta MSCAL.OCX, wadda ɗimbin manhajoji ke amfani da ita wajen zaɓen rana, an cire ta daga Access 2010. A watan Agusta na 2012 wata sabuntawar tsaro mai lamba MS12-060 ta canza MSCOMCTL.OCX, kuma manhajoji da yawa a duniya suka wayi gari fom ɗinsu ba ya buɗuwa ba tare da kowa ya taɓa su ba. Office 2010 ne ya fara zuwa da siga mai bit 64, sannan daga Office 2019 ita ce ake ɗorawa idan mutum bai zaɓi wata ba, alhali tsofaffin OCX masu bit 32 ba sa aiki a cikinta. A 2022 kuma Microsoft ya fara toshe umarnin VBA a duk fayil ɗin da Windows ta yi wa alamar cewa daga intanet ya zo. Ke nan sabuwar sigar da mai rubuta manhaja ya turo ta imel tana iya buɗewa alhali ko layi ɗaya na umarninta ba ya aiki.

Kada kuma a ɗauka wannan matsalar 'yan koyo ce. DHIS na farko, tsarin tattara alƙaluman lafiya wanda shirin HISP ya gina a Afirka ta Kudu a ƙarshen shekarun 1990, a kan Access yake, kuma Nijeriya ta yi aiki da sigarsa ta 1.4 wajen tattara alƙaluman asibitoci kafin ta koma DHIS2 mai aiki ta intanet. Epi Info na hukumar CDC ta Amurka, wanda ɗaliban kiwon lafiyar al'umma a jami'o'inmu suka sani, shi ma ya daɗe yana ajiye bayanansa a tsarin fayil ɗin Access.

Yadda ake gina binciken

Access ta tanadi kayan aikin. Tana da jerin madogarar da umarni zai iya bi ɗaya bayan ɗaya, kowace da alama mai suna IsBroken da ke cewa ta karye ko ba ta karye ba, kuma tun daga Access 2002 akwai BrokenReference, mai ba da amsa ɗaya game da jerin baki ɗaya. Layuka goma sun isa rubuta binciken. Wahalar tana wani wuri dabam: binciken shi kansa umarnin VBA ne, kuma karyewar madogara umarnin VBA take kashewa. Idan ba a yi hattara ba, mai binciken zai faɗi kafin ya buɗe baki.

Mafitar da tsofaffin masana Access irin su Michael Kaplan suka daɗe da bayyanawa ta ginu ne a kan wata ɗabi'a ta VBA, cewa yana harhaɗa sassan umarni ne lokacin da aka buƙace su, ba gaba ɗaya ba. Saboda haka ake ware binciken a sashe nasa shi kaɗai, wanda ba ya kiran wani sashe kuma ba ya ambatar komai daga laburaren waje. Laburare biyu kawai zai dogara da su, na VBA da na Access, waɗanda ba a iya cire su. Kowane suna a cikinsa sai a rubuta shi da cikakkiyar nasabarsa, VBA.Left maimakon Left, don kada a je neman sa a wani wuri. Sannan a kira shi daga makro mai suna AutoExec, wanda ke tashi da kansa da zarar an buɗe fayil, ba tare da an saita wani fom ya buɗe da kansa ba, domin fom mai umarni yana iya jawo sauran sassan su faɗi tare. Sai binciken ya ce lafiya, sannan shi da kansa ya buɗe fom na farko. Wani ƙaramin tarko kuma: madogarar da ta karye, idan aka tambayi sunanta ko wurin zamanta, takan jawo kuskure, amma lambar GUID ɗinta tana karantuwa. Don haka mai rubuta manhaja ya ajiye nasa jerin da ke fassara kowace lamba zuwa sunan da mutum zai gane.

Kafin duk wannan akwai matakin da ake yawan mantawa. Tun daga Access 2007, umarni ba ya aiki sai an amince da fayil ɗin ko wurin da yake. Makro na iya tambayar CurrentProject.IsTrusted ko da an toshe VBA, kuma idan amsar a'a ce, ya buɗe fom marar umarni mai bayanin abin da za a yi. Idan babu wannan, akawu zai ga fom cikakke, ya danna maɓalli, ba abin da ya motsa, ba kuma wanda ya ce masa komai.

IsBroken tana da iyakarta, kuma a nan ne mafi yawan binciken da ake rubutawa ke gazawa. Abin da take tabbatarwa shi ne akwai wani laburare mai wannan lamba a rajista. Ba ta tabbatar da cewa shi ne sigar da aka gwada manhajar da ita ba, ko cewa zai amsa in an kira shi. Gwaji na gaskiya shi ne a nemi abin ya tashi, ta hanyar CreateObject, a ga ko kuskure mai lamba 429 zai fito. Sai dai tayar da Excel a tsohuwar kwamfuta yana cin lokaci, kuma binciken da ke sa mutum jiran rabin minti kullum safiya za a roƙi a cire shi. Abin da ya fi dacewa shi ne a duba mai sauƙi a farko, mai nauyi kuma a jinkirta shi zuwa lokacin da aka danna maɓallinsa, muddin za a yi shi kafin a rubuta komai a tebur.

Sannan ba laburare kaɗai ke ɓacewa ba. Manhajar da aka tsara da kyau kashi biyu ce, fom da umarni a fayil ɗaya, bayanai a wani, kuma na farko yana riƙe da adireshin na biyu. Canza sunan kwamfutar da ke riƙe da bayanan, ko filashin da jiya yake E yau ya zama F, ya isa ya kawo kuskure 3024 ko 3044. Mafi muni shi ne a sami tsohon kwafin bayanai a adireshin, manhajar ta kama shi ta ci gaba da aiki. Maganin wannan shi ne ɗan tebur a cikin fayil ɗin bayanan mai ɗauke da lambar siga da ranar shigarwa ta ƙarshe, a nuna wa akawu ita duk safiya. Rahotannin Access kuma suna buƙatar firintar da aka saita a Windows, ko da ba za a buga komai ba. Rubutun lambar kaya idan ya ɓace, Windows ba ta faɗa, musanya shi take yi da wani, sai rasit ya fito da lambobi a inda ya kamata a ga zane-zanen da na'ura ke karantawa.

Kwanan wata ya cancanci a tsaya a kansa. Mu rana muke fara rubutawa sannan wata, Amurka kuwa wata take farawa, kuma kwamfutar da aka yi wa fomatin cikin gaggawa sau da yawa a tsarin Amurka ake barin ta. Akawu ya rubuta 03/04/2025 yana nufin 3 ga Afrilu, na'ura ta ajiye 4 ga Maris. Idan ya rubuta 25/04/2025, da yake babu wata na ashirin da biyar, sai ta gyara da kanta ta ajiye daidai. Ke nan kuskuren yana aukuwa ne daga ranar 1 zuwa 12 ga wata kawai, sauran kwanakin lafiya, abin da ke sa a daɗe ba a gano shi ba. Gwajinsa kuwa layi ɗaya ne: manhaja ta ba Windows wata sananniyar rana ta ga yadda za ta rubuta ta.

Akwai kuma abin da binciken cikin gida ba zai taɓa kamawa ba. Masu sayar da manhaja sukan kulle ta zuwa tsarin ACCDE don kada a kwafi umarninsu. Irin wannan fayil, idan an kulle shi da Access mai bit 32, ba ya buɗuwa sam a mai bit 64, haka ma akasi. Haka nan manhajar da ke neman VCRUNTIME140.dll ko MSVCR100.dll, Windows ce ke tsayar da ita tun kafin ta yi numfashin farko. A nan sai an sa wani ɗan ƙaramin mai buɗewa a waje, wanda tambarin kan allo zai kira, ya duba wace Access ce a kwamfutar da faɗin bit ɗinta, sannan ya miƙa ragama.

In an gano, sai me?

A 1985 Jim Gray, wanda a lokacin yake aiki a kamfanin Tandem, ya rubuta wani rahoto kan dalilan da ke sa kwamfutoci tsayawa. A ciki ya kafa ƙa'idar cewa kowane sashe na tsari ya zama ɗayan biyu: ko dai yana aiki daidai, ko ya gano matsalarsa, ya sanar, ya tsaya nan take. Manyan na'urorin bankuna yake tunani, amma Bahaushe ya riga shi da cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wannan ba yana nufin kowane rashi ne zai rufe ofis ba. Idan fayil ɗin bayanai ne babu, ko sigarsa ba ta dace ba, ko wani abu da ya shafi lissafi da kwanan wata, sai a tsaya cak. Idan Excel ne kawai babu, a kashe maɓallin turawa can, a rubuta dalili a gefensa, a bar mutane su karɓi kuɗinsu. Rarrabe waɗannan biyun aikin tunani ne da mai rubuta manhaja zai yi tare da mai ofis, domin mai ofis ne ya san abin da zai iya jira.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne manhaja ta yi ƙoƙarin gyara kanta a ɓoye. Dabarar tana da farin jini: a cire madogarar da ta karye, a nemo makamanciyarta a kwamfutar, a ɗaura. A fayil ɗin ACCDE ma ba ta yiwuwa, domin ba a canza madogararsa. A buɗaɗɗen fayil kuwa tana iya ɗaura manhajar ga sigar da ba a taɓa gwada ta ba, a koma gidan jiya na aiki rabi da rabi, wannan karon ba tare da wata alama ba. Yi wa OCX rajista kuma yana neman ikon mai kula da kwamfuta, kuma yana iya karya wata manhajar da ke amfani da shi. Garin gyaran gira ke nan. Mafi haɗari shi ne ɗabi'ar neman sunan DLL a intanet a sauke daga shafin da ya fara fitowa, a jefa shi cikin Windows. Wannan buɗe wa baƙo ƙofar kwamfutar da ke ɗauke da sunayen yara da lambobin wayar iyayensu ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin ingancinsu da tsaronsu. Kayan gyara na asali ya kamata su zauna a wata jaka kusa da manhajar tun ranar da aka ɗora ta, tare da kwafi a filashin ofis.

Saura saƙon. Ya faɗi abin da ya ɓace da sunan da mutum zai gane, ya tabbatar cewa ba a taɓa bayanai ba, ya hana fomatin a fili, ya ba da gajeriyar lamba da za a karanta ta waya ko a ɗauki hotonta a tura ta WhatsApp. Ya kuma rubuta a wani ƙaramin fayil wace Windows ce, wace Access, bit nawa, me aka nema aka rasa. Orozo gari ne mai harsuna da yawa, akwai Gbagyi da Hausawa da mutanen kudu, don haka Ingilishi mai sauƙi da Hausa a gefensa sun fi lambar kuskure tsirara. Amma a nan ma akwai tarko. Teburan Access suna karɓar ƙ da ɗ da ɓ tun daga sigar 2000, sai dai tagar rubuta VBA da akwatin saƙo na MsgBox ba sa riƙe su, alamar tambaya suke mayar da su. Wanda ke son saƙon Hausa mai ƙugiya sai ya rubuta shi a kan fom marar umarni, wanda dama shi ne irin fom ɗin da ke buɗuwa lafiya ko madogara ta karye.

Wani zai ce duk wannan wahalar da kai ce, a koma manhajar intanet kawai kamar yadda DHIS ya yi. Maganar tana da ƙarfi ga hukumar da ke da ma'aikata da kasafi. Ga shagon magani kuwa, ta musanya dogaro ɗaya da wani ne: netwok, data, da kuɗin haya na wata-wata, wani lokacin da dala. Manhajar kan kwamfuta za ta daɗe tare da mu. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne rage kayan aron. Tun daga 2007 Access tana da nata ɗan kalandar zaɓen rana, ba a buƙatar OCX. Tana iya fitar da tebur zuwa fayil ɗin Excel da umarninta na cikin gida. Inda dole sai an kira Excel ko Outlook, a kira su ta CreateObject a lokacin buƙata maimakon a ɗaura su a jerin madogara, ta yadda kowace siga aka tarar za ta amsa, rashinsu kuma maɓalli ɗaya zai shafa. Manhajar da ta rage wa kanta madogara zuwa VBA da Access da DAO ta kawar da mafi yawan abin da aka tattauna a sama.

Mai ofis ba ya buƙatar sanin VBA kafin ya tabbatar an yi masa wannan aiki. Ranar da za a miƙa masa manhajar, kafin ya biya cikon kuɗi, ya sa a canza sunan fayil ɗin bayanai a gabansa a buɗe, a cire firinta a buɗe, a juya kwanan wata zuwa tsarin Amurka a buɗe, sannan a kwafe ta zuwa mafi tsufan kwamfutar ofis a buɗe. A kowane gwaji akawun da zai yi aiki da ita ne zai karanta abin da ya fito a allo ya faɗi abin da ya fahimta. Daga nan a buga takarda ɗaya mai sigar Windows da ta Office da faɗin bit da jerin kayan da aka ɗora, a manna ta a jikin kwamfutar, ta tafi da ita duk ranar da za a kai ta shagon gyara.